Na Ruwa Ko Na Baki?

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, har da ku da takardar nan za ta faɗo hannunku ban san fuskokinku ba. Ku ajiye abin da kuke yi, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma kada ku amsa mini da murna, don ba tatsuniya ba ce. Labarin uwar mijina ne, wadda muke kira Iya, wadda Allah ya karɓi ranta wata Talata da hantsi a gidanmu na unguwar Yerimaram, a Potiskum. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne, 'yata malamar makaranta tana rubutawa. Na kuma ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, ko da kalmar ba ta da daɗin ji.

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta gida ya cika. Keke-napep sai sauke mata yake a ƙofar zaure, wasu daga Bolewa, wasu daga cikin kasuwa, wasu daga ƙauyensu Iya ta wajen Nangere. Kowace ta zauna sai ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Iya." In ta numfasa kuma sai ta ƙara da abu guda, kamar sun haɗa baki: "Baiwar Allah, ba ta magana." Wata ta ce shekara ashirin tana shigowa gidan nan, ba ta taɓa jin Iya ta jera magana uku ba. Daga nan sai su juyo kaina. "Ke kuwa Allah ya saka miki. Mijinki ya rasu shekara bakwai, kika riƙe masa uwa, kika yi ta wanki da hannunki har ƙarshe. Suruka mai kunya irinki sai an tona." Ina cewa amin, ina jin kamar an ɗora mini turmi a ƙirji.

Can sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu, Kirista ce 'yar kudu mai sayar da kwanuka a kasuwa, muna ce mata Madam. Ta shigo tana kuka, ta zauna, ta ji abin da ake faɗa, sai ta share hawaye da bayan hannu ta ce, "Wa ya ce Mama ba ya magana? Mama? Ni da shi, daga safe har rana ya zo tsakiya, surutu muke a bakin katanga. Hausa nasa ya karye, nawa ya karye, mu haɗa biyu ya zama ɗaya." Mata suka yi dariya da hawaye a idonsu. Ni ban yi ba. Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san dalilin da ya sa ita kaɗai ta san wannan Iyar.

Washegari yayata ta iso daga Kano. Ta rungume ni, ta zauna kusa da ni, ta rage murya, amma raɗar yayata ko daga zaure ana ji. Ta ce, "Allah ya ji ƙanta, ba a faɗin aibin mamaci. Amma ni dai har gobe ban manta abin da ta yi miki ranar sunan ɗan farinki ba. Ki yafe mata, kin ji? Ki yafe mata ko ta samu sauƙin kwanciya."

Jikokina mata biyu suna gefe suna zuba wa baƙi ruwa. Babbar ta ce, "Hajiya, me ta yi?" Yayata ta gyara zama ta fara ba su. Ina ji, ina gani, ƙaryar da na shuka shekara arba'in da 'yan kai tana shiga kunnen jikokina, matar da aka yi wa ita kuma kwananta ɗaya a ƙasa, ba ta da bakin karewa. Da ranta ma ba ta kare ba. Wannan ne ya sa na ce a ɗauko takarda.

To, ku ji yadda aka yi.

Mu Kanawa ne. Fatauci ya kawo mahaifina Potiskum, yana sayar da yadi da atamfa, ya yi gida a Bolewa. A nan aka haife ni, amma an raine mu a kan cewa mu ne masu Hausa, sauran mutanen gari aro suka yi. In muka ji wani ya ce wa mace "kai", ko ya ce "sunsu" a maimakon tsuntsu, sai mu ƙunshe dariya, mu dawo gida mu yi ta kwaikwaya. Ba wanda ya taɓa tsawata mana. Maigidana kuwa ɗan Karai-Karai ne, tela, a shagon mahaifina yake sayen yadi, ta nan aka san juna. Na so shi, ya so ni, aka ɗaura. Shi Hausarsa ba tabo, don a gari ya tashi. Iya ce ta baro ƙauye da girmanta.

Doguwa ce, siririya, baƙa, da tsage a fuska. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har ta mutu in ka kama hannunta sai ka ji ƙanshin suyar gyaɗa. A Hausarta babu mace babu namiji, kowa "kai" ne. Kuma ku ji ni da kyau: Iya mai surutu ce. Shekarata ta farko a gidan, kafin in gama shara ta ba ni labari uku. Tana matsar tunkuza tana waƙa da yarensu, in ta gama ta juya mini da Hausa, ta kasa, ta yi wa kanta dariya har ta dafe ciki. In ta kwashe ƙuli daga mai, na farko mai zafi ni take miƙo wa. "Kai amarya, zo ka ci, kada yaran nan su riga ka." Haka na san ta. Wannan matar ni na kashe ta, tun kafin ajali ya zo ya ɗauki ragowar.

Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gidanmu, kamar yadda ake yi. Na haifi namiji, cikin damina. Ranar suna dangi suka zo daga Kano mota guda, gwaggonni da innoni da 'ya'yansu. Mahaifina ya yanko mini atamfa shuɗiya mai zanen ganye, sabuwa fil, na ɗaura. Yaran yanzu ba su san wannan ba, amma a zamaninmu mai haihuwar fari ba ta ɗaukar ɗanta a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kama sunansa. Kunya ce. To, yaron ya yi ta kuka, aka miƙo mini shi in ba shi nono a ƙarƙashin mayafi. Ya sha ya yi barci. Ya kamata in miƙa shi, sai na kasa. Ɗuminsa ya yi mini daɗi. Na bar shi a cinyata, ɗaki cike da mata, gabana yana faɗuwa kada wata ta lura ta ce ba ni da kunya.

Sai muka ji guɗa. Iya ce da matan danginta, sun tako a ƙasa tun daga Yerimaram, da ƙwaryar gero a kanta, da man gyaɗa, da kaji biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa fuskarta cike da fara'a. Idonta ya sauka a cinyata. Sai ta nuna ni da yatsa, ta ɗaga murya yadda ta saba, ta ce:

"Kai yarinya! Fisara! Fisara a jikinka, kowa yana gani. Tashi, tashi!"

Ɗaki ya yi tsit. Yayata ta ce, "Iye?" Gwaggonnina suka dubi juna. Ni kuwa abin da nake tsoro shi kunnena ya ji: fitsara. Na ɗauka ta kira ni fitsararriya a gaban dangina don na rungume ɗan fari. Ban sunkuyar da kai ba. Na ɗago na dubi tsabar idon uwar mijina, na ce, ke kuma rubuta shi yadda na faɗe shi:

"Iya, in za ki zagi 'ya'yan mutane, ki bari sai kin iya Hausa tukuna. Nan ba ƙauye ba ne."

Ban tsaya nan ba. Na karkace baki na kwaikwayi muryarta: "Fisara, fisara." 'Yan matan da ke bakin gado suka fashe da dariya.

Hannun Iya yana nan a miƙe. A hankali ta sauke shi. Ta sauke ƙwaryar geron ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce, "To." Ta ɗan tsaya, ta ce, "Allah ya raya." Ta juya, matanta suka bi ta. Ko ruwa ba su sha ba.

Mahaifiyata ta sallami matan ɗakin, ta rufe ƙofa, ta karɓi jinjirin ta ce in miƙe. Na miƙe. Zani ya manne mini a cinya. Daga cinya har gwiwa ya jiƙe sharkaf, shuɗin ya koma baƙi. Zafin ruwan jego da gumi da mayafi sun hana ni ji. Yaron ne ya yi mini fitsari. Shi Iya ta gani, shi ta nuna, bakinta ne ya kauce da wasali ɗaya a ƙarshen kalma.

Mahaifiyata ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Ta ja ni bayan ɗaki inda tukunyar ruwan wankana take, ta tsuguna tana wanke zanin da kanta, ni ina tsaye. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kin san me ake nufi da fitsara kuwa, ke mai Hausa?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "Tsiwa ta ƙuruciya ce, a baki take, shekaru kan cinye ta. Tsaurin ido a ido yake, mai shi ba ya sunkuyar da kai gaban manya. Fitsara ta wuce nan. Mu dai yadda muka ji daga iyayenmu, daga wannan abin da nake wankewa ta samo suna. Mai hankali in ya matsu, kewayawa yake ya nemi sutura ya tsuguna. Wanda ya tsaya a tsakiyar jama'a ya saki abinsa, yana kallon idon mutane, ko a jikinsa, shi ake ce wa ya fitsare. Jinjiri ba ya fitsara, fitsari yake yi, don bai sani ba. Fitsara sai wanda ya sani." Ta matse zanin, ta yarfe. Ta ce, "Yau a ɗakin nan an yi duka biyun. Ɗanki ya yi ɗaya, ke kin yi ɗaya. Gobe za ki je ki durƙusa."

'Yata ta ɗago kai daga rubutu yanzun nan, ta ce wai ta taɓa jin wasu na cewa daga "fin tsara" kalmar ta fito, wato mutum ya ga ya fi tsararsa har ya fara taka na gaba da shi. Na ce ta sa, ban hana ba. Ni ban san wanne ne daidai ba, sai masu ilimi. Amma ko ta can aka biyo, ko ta nan, ni za a tarar a tsaye a ƙarshen hanya.

Ban je gobe ba. Na ce mai jego ba ta fita, a bari sai na yi arba'in. Kafin rana ta faɗi kuwa labari ya zaga gida: surukar ƙauye ta zagi mai jego ranar suna, yarinya ta rama. Gwaggonnina suna cewa na yi daidai, gara a taka mata burki tun da wuri. Yayata tana ta cika tana batsewa. Suka kwashi labarin suka tafi da shi Kano. Yabon ya yi mini daɗi, wallahi ya yi mini daɗi. Mahaifiyata ta yi shiru don abin kunyar na gidanta ne, amma har ta koma ga Allah, duk lokacin da muka keɓe sai ta ce, "Kin je?" In ce, "Zan je."

Maigidana ya zo bayan la'asar ya tambaye ni abin da ya faru. Na sa kuka na ce, "Ka je ka tambayi uwarka." Ya je. Da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa abin da ta ce kawai shi ne, "Bakina ne ya yi kuskure." Shi kuma, yana ganin ta kunyata shi gaban surukansa, ya ce mata, "Iya, in ba ki iya magana cikin mutane ba, ki riƙa yin shiru." Ɗan da ta haifa. Ta kuwa ji maganarsa.

Kun san mai jego da ruwan zafi take wanka safe da yamma, itace yake ci kamar me. Tun washegarin suna, kullum aka buɗe zauren gidanmu da safe sai a tarar da damin itace a jingine. Ba sallama, ba saƙo. Iya ce take ɗauko shi a ka tun daga Yerimaram, ta ajiye, ta koma. Kwana talatin da uku ba ta yi fashi ba, har ranar da aka kwana ana ruwa. Mahaifiyata takan zubo mini ruwan a jiki ta ce, "Itacen surukarki ne kike gasa jiki da shi." Ina jin zafin ruwan, ina jin wanda ya fi shi.

Da na koma ɗakina, na je na durƙusa gabanta da safe. Maganar tana bakina. Na ce, "Ina kwana, Iya?" Ta ce, "Lafiya." Na jira. Ta jira. Na tashi. Daga ranar Hausar Iya a gabana ta koma kalma huɗu: lafiya, to, madalla, an gode. Da 'ya'yanta tana yare. Da Madam, bayan sun tare kusa da mu, sai in jiyo su a bakin katanga suna ƙyalƙyala dariya, da na fito da tsintsiya sai Iya ta haɗiye sauran. Ƙuli na farko mai zafi bai daina zuwa ba. Sai dai yanzu a murfin kwano take ajiye mini shi a bakin ƙofa.

Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba, kada ku ɗauka gaba ta yi da ni. Da ta yi gaba da na samu abin riƙewa. Duk haihuwar da na yi bayan nan ita ta yi mini wanka. Ɗan farin nawa kuwa a bayanta ya girma. Ta sa masa laƙabi, Mai Ruwa. Kowa ya ɗauka don an haife shi da damina ne. Ni da ita muka san ruwan da take nufi. In ta kira shi haka a gabana sai in ga gefen bakinta ya ɗan motsa.

Tana da abubuwanta. Ba ta cin abinci sai ta ga kowane yaro ya ci, na gida da na maƙwabta. Kullum akwai ƙuli a ƙulle a bakin zaninta. Da keke-napep ya shigo gari ta rantse ba za ta hau ba, ta ce wa 'yarta da yare, abin da ƙafarsa uku gurgu ne, ita ba ta hawan gurgu tana da ƙafa biyu lafiyayyu. Da ƙafa take zuwa kasuwa sayen gyaɗa har gwiwa ta gagare ta. Wannan ma fassara mini aka yi. Duk barkwancin Iya na shekara arba'in, a bakin wasu na ji shi.

Sau ɗaya ta buɗe mini ƙofa. Wannan 'yar tawa mai rubutu tana da kamar shekara goma, na aike ta, ta murguɗa mini baki. Na daka mata tsawa na ce, "Fitsararriya! Wa ya koya miki fitsara?" Iya tana kan tabarma a gindin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba, ta ce:

"Fitsara. Wanne ne? Na ruwa ko na baki?"

Na tsaya cak. Ba tambayar kaɗai ba. Yadda ta faɗi kalmar ne, tsaf, kamar haifaffiyar cikin birnin Kano. Ashe ta zauna ta koye ta. Allah kaɗai ya san sau nawa ta maimaita ta ita kaɗai tana matsar mai.

Na ce, "Na baki ne, Iya."

Ta ce, "To. Shi ne mai wuyar wanki."

Sai ta matsa gefe a kan tabarmar, ta bar wurin zaman mutum ɗaya, ta turo faifan gyaɗar tsakiya. Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, har da ɗan murmushi. Taku uku ne tsakanina da tabarmar nan. Na ce, "Tuwo na kan wuta." Na shige madafa. Babu tuwo a kan wuta. Ko wutar ban hura ba. Na tsaya ina kallon murhu har na ji ta ci gaba da ɓara.

Kada ku tambaye ni me ya hana ni. Da farko girman kai ne. Daga baya kunya. Daga baya kuma sai na ga abin ya tsufa, in na tono shi kamar na sake yi ne. Kowane azumi sai in ce da Sallah zan faɗa. Ranar Sallah in durƙusa in ce, "Iya, a yafe mana," irin wadda kowa ke faɗa wa kowa. Ta ce, "To." Ta san ba ita ba ce, na san ba ita ba ce.

Maigidana ya rasu bai san gaskiya ba. Ya tafi yana ganin uwarsa ta taɓa zagin matarsa. Wannan ba ni da wurin gyara shi sai gaban Allah.

Da tsufa ya kwantar da Iya, Hausar ta fara zubewa daga bakinta. Sunayen kaya suka fara tafiya, sannan gaisuwa, sannan kalma huɗun nan tawa. Ta koma yaren da aka yi mata rainon goyo da shi. Ni kuwa, mai dariyar Hausar mutane, shekara arba'in ina cin tuwon gidan Karai-Karai, ban iya komai a yarensu ba sai "zo" da "ruwa". Ƙanwar mijina, autar Iya, ta baro gidanta ta zo muna jinya tare. Wankin da mata suke yaba mini, na lalurar tsufa, ban taɓa jin nauyinsa ba. Na ruwa ne. Sabulu yake so kawai.

Ranar Litinin da la'asar na ga numfashinta ya sauya. Na durƙusa na kama ƙafafunta, na faɗi komai. Na ce, "Iya, fitsarin yaro kika nuna mini. Na gani tun ranar. Ni na yi miki fitsara, na bar ki da laifi. Don Allah ki yafe mini." Da Hausata mai kyau na faɗa, wadda nake taƙama da ita. Ta dube ni kamar mai sauraron ruwan sama a kan kwano. Ba kalma ɗaya da ta shige ta. Sai ta miƙo hannu ta kama zanina daidai gwiwa, tana murzawa, ta juya wajen 'yarta ta faɗi wata magana da yare, sau biyu. Ƙanwar mijina ta juya fuska bango tana share ido. Ban tambaye ta ba. Na ji tsoron abin da zan ji. Washegari Iya ta cika. Ni na zuba ruwa aka yi mata wanka.

Ranar sadakar uku, bayan maza sun shafa addu'a a waje an raba waina, mata sun fara neman takalmansu, na shiga ɗaki na buɗe akwati. Atamfar nan shuɗiya tana ƙasa, ban sake ɗaura ta ba tun ranar. Na fito da ita na tsaya a tsakar gida. Na ce, "Jama'a, ku ɗan dakata. Kwana uku kuna ce mini mai kunya. Ku zauna ku ji kunyar tawa." Na faɗa musu abin da na faɗa muku, ban rage ba. Na ce, "Iya ba shiru-shiru ba ce, ni na rufe mata baki. Ba ta zage ni ba, ni na zage ta. Yaya, ba ni ce mai yafewa ba."

Yayata ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Ke! Shekara arba'in ina ƙullace da baiwar Allah? Ko gaisuwar kirki ban taɓa yi mata ba, saboda ke!" Jikokina suka sunkuyar da kai. Madam tana ta girgiza kai tana cewa, "Mama bai taɓa faɗa ba. Ko sau ɗaya."

Sai ƙanwar mijina ta taso ta kama hannuna. Ta ce, "Matar yaya, zauna kada ki faɗi. Ai mun sani."

Na ce, "Kun sani?"

Ta ce, "Wa kike tsammani ya riƙo kajin nan biyu? Ni ce, ina 'yar yarinya a bayan Iya. Dukanmu mun ga zanin. A hanya innoninmu suka ce sai sun koma an yi ta ta ƙare. Iya ta tsaya a gabansu ta ce duk wadda ta ɗaga maganar ba ita ba ita. Ta ce mai jego ce, in ranta ya ɓaci nono zai ɗauke, jikana ya sha me? Ta ce yarinya ce, ku bar ta, za ta zo da kanta."

Za ta zo da kanta. Ku ji fa.

Na ce, "To, ranar Litinin, me ta ce miki?"

Ta ce, "Hankalinta ya koma can ne, ɗakin sunan. Cewa ta yi, ɗauko wa yarinyar nan busasshen zani, jikinta ɗanye ne, sanyi zai shige ta. Abin da take son faɗa ke nan tun ranar, da kin bar ta ta ƙarasa."

Na ce, "Ta yafe mini?"

Ta ce, "Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Zani ta ce a ba ki."

To, ga yadda kowa ya ƙare. Mahaifiyata ta daɗe a ƙasa, da tambayarta da ban amsa ba. Maigidana yana kwance a maƙabartar da aka kai Iya, an ce mini ba nisa tsakaninsu. Yayata ta koma Kano ba ta yi mini sallama ba. Bayan sati biyu ta bugo waya ta ce ta bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ta warware abin da ta ƙulla, ta kuma sa an yi wa Iya saukar Alƙur'ani, amma ni in ba ta lokaci. Madam ta bar wa 'yarta shago, ta ce da an yi arba'in za ta koma garinsu, don wadda take zama dominta a unguwar nan ta tafi. Ɗan farina, da furfurarsa a gemu, da labarin ya kai masa ya zo ya zauna a gindin dalbejiya. Da zai tashi ya ce kada kowa ya daina kiransa Mai Ruwa. 'Yata ga ta nan, ta jiƙa takarda sau biyu. Ƙanwar mijina ta koma gidanta, amma duk Juma'a tana zuwa, mu shimfiɗa tabarmar Iya, tana koya mini yarensu. Harshena ya yi tauri, nakan karya kalma in sa mata wutsiyar da ba tata ba. Jikokina suna jin dariya tana taso musu, sai su dubi zanin nan shuɗi da na rataye a ƙofar ɗakina, su haɗiye.

Masu tatsuniya in sun kai ƙarshe suna da wanda suke ɗora wa ƙaryarsu, su kakkaɓe zani su tashi. Ni ba ni da wanda zan ɗora wa, tawa ce. Wanda duk ya ji wannan, ya yi wa Iya addu'a, ya kuma faɗa wa na gaba cewa mace ce mai surutu da dariya. Allah ya ji ƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa ta inda ake jin kowane yare. Kalma ta farko da na roƙi a koya mini ita ce yadda ake cewa "ki yafe mini." Na iya ta yanzu. Kullum bayan sallah ina maimaitawa, don in Allah ya haɗa mu, in faɗa mata da bakin da za ta ji.